Babur ɗin Baba da Hannun Yaya Mijinyawa

Unguwar Ɗan Iya,
Bauchi.
Yuli, 1997.

Zuwa ga ƙanena Ɗanlarai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi maka gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk wanda yake cin tuwon gidanka a can Fatakwal. Allah ya ƙara maka lafiya da rufin asiri, ya tsare ka daga sharrin ruwa da na hanya da na mutum, ya sa albarka a abin da kake nema. Mu nan gida sai godiya. Damina ta zauna sosai, har katangar baya ta fara jiƙewa ta wajen rijiya. Inna tana nan da ciwon gwiwarta da faɗanta, kuma babu wanda ya ragu a cikinsu. Yarana sun sami hutu sun cika mini kunne, babansu kuwa ya ce in tuna maka busasshen kifin da ka yi masa alkawari tun bara, wai har yanzu bai ji ko ƙamshinsa ba.

Jikin Baba da sauƙi, alhamdu lillahi. Tun bugun da hawan jini ya yi masa bayan ƙaramar salla, bakin ya koma daidai, magana tana fita sarai, ƙafar ma tana kai shi masallaci da sanda. Hannun dama ne dai ya ƙi. Yana ɗaga shi, amma ba ya riƙe komai, ko carbi ya koma ja da hagu. Likita ya gaya masa a gabana cewa shi da tuƙa babur an gama, ya saurara kamar ana ba shi labarin wani mutum a wani gari. Yana shan magani idan na tsaya a kansa, idan ban tsaya ba sai in tsinci ƙwayar a ƙarƙashin matashi.

To, sai abin da ya sa na ɗauki biro. Na san ka je tasha ka tsaya jiran Yaya Mijinyawa ranar da kuka yi da shi, motar Bauchi ta sauke mutane babu shi. Na san kuma kunyar da za ka ji a wajen mutanen da ka roƙa suka ajiye masa aikin rufi, da mai gidan da ka kama masa ɗaki. Bai taho ba, kuma ba zai taho ba. Shi ya ce in rubuto maka, don ka san shi da biro, gara ka miƙa masa guduma. Kafin ka hau faɗa irin wanda ka gada wajen Inna, ka daure ka karanta har ƙarshe.

Kai auta ne, a kan tankin babur ɗin Baba ka girma, don haka akwai abin da ba lalle ka lura da shi ba. Baba bai taɓa kiran sunan Yaya ba. Ɗan fari ne, kuma a gidan su Baba kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Haka kakanmu ya yi wa nasa, haka Baba ya tashi ya gani. Ana yaye Yaya aka kai shi Darazo wajen Kaka, bai dawo ba sai da ta rasu, lokacin ya isa shiga sakandare. Ka tuna safiyar makaranta? Kai a kan tanki, ni a baya na rungume jakunkuna, Yaya kuwa a ƙasa da ƙafarsa. Mukan wuce shi a hanya, Baba ko ham ba ya danna masa. Har zuwa bana, idan Baba yana da magana da shi, ko da a tabarma ɗaya suke zaune, sai ya juyo wajena ya ce in gaya wa mutumin nan abu kaza. Ni ce wayar tarhon gidan nan tun ban isa aure ba. Mun saba da abin har muna yi masa dariya, ashe shi wanda ake yi wa ba dariya yake yi ba.

Ranar da ya zo gidana ya gaya mini ya amsa maka zai tafi, na ɗauka rashin aiki ne kawai, don gaskiya gine-gine sun tsaya a garin nan, kafintan rufi sai ya daɗe bai hau sama ba. Ya ce akwai wannan, amma ba shi kaɗai ba ne. Ya ce ya haura arba'in, ya tara iyali, amma mahaifinsa bai taɓa duban idonsa ya ce masa "kai" ba. Ya ce lokacin da Baba yake kwance a asibiti shi yake juya shi, shi yake wanke shi, amma idan Baba yana son ruwa sai ya haƙura da ƙishi har nas ta shigo. Ya ce idan ya tafi ba ya jin zai sake zaman Bauchi. Na rufe shi da faɗa, na ce al'ada ce ba ƙiyayya ba. Ya ce ya sani, amma sanin bai taɓa rage masa komai ba. Da na kai wa Baba labarin tafiyar, abin da ya ce kawai shi ne in gaya masa Allah ya kiyaye hanya.

Shi kuma babur, tun kafin ciwon Baba ya fara gajiya. Baƙin mai yana tsattsafowa a inda kan inji ya haɗu da silinda, yana wani huci fis-fis idan an ba shi wuta, kuma a hawan nan na kusa da gonar Baba ta Gubi sai Baba ya sauka ya tura. Ka san bakanike bai taɓa sa wa babur ɗin nan hannu ba. Baba ya ce kanikawa da guduma suke gaisawa da inji, shi kuwa nasa da lallashi ya kawo shi wannan shekarun. Tun da ya kwanta aka jingine shi a rumfa, kaji suka mayar da shi wajen kwana. Bana 'yan ƙwadago ne suka yi shuka a Gubi, Baba bai ga ko tsiro ɗaya ba, kuma abin yana cin sa fiye da ciwon hannun. A makon tafiyar Yaya, da safe, sai na shiga na tarar ya sa an jawo babur tsakar gida ƙarƙashin mangwaro, an share masa kashin kaji, ga akwatin sifanu a buɗe. Na tuna masa maganar likita, ya ce likita tuƙi ya hana, bai hana gyara ba.

Ana cikin haka Yaya ya yi sallama, ya zo yi wa Inna bankwana tun da wuri don kada ranar tafiya ta yi masa kuka. Ya durƙusa daga nesa ya gai da Baba, Baba ya amsa wa iska kamar kullum. Sai ya ce mini in tambayi mutumin nan ko ba sauri yake yi ba, a buga wa babur kik a tayar da shi. Yaya ya naɗe hannun riga ya yi ta bugawa har babur ya kama da kyar. Baba ya sa na kaɗa ruwan sabulu a kofi, na shafa da gashin kaza a zagayen mahaɗar tun injin bai yi zafi ba. Nan da nan kumfa ta fara tashi ta ɓangaren salansa. Baba ya gyaɗa kai ya ce gaskit ne ya ƙone, wato siririn faifan nan da ake shimfiɗawa tsakanin kan inji da silinda don kada iska da mai su sami hanyar fita. Ya ce aikin ba wuya, hannu biyu kawai yake so, shi kuma ɗaya gare shi. Bai roƙi kowa ba. Yaya ya dube ni, ya cire agogonsa ya miƙo mini.

Haka muka zauna, Baba a kan kujera 'yar tsugunno, Yaya a gaban inji, ni a tsakiya ina kai magana ina kawowa. Aka jira inji ya huce sarai, don Baba ya ce ba a kwance kan inji da zafinsa, murɗewa yake yi. Aka tsiyaye baƙin mai a tsohon kwano. Aka sauke sit da tanki, aka zare fulogi, aka kwance salansa da kafireta. Baba ya sa aka juya inji a hankali har alamar da ke jikin maganeto ta tsaya daidai da tsagin murfi, ya ce a nan fistin yake can sama, kuma kada wanda ya sake taɓa kik. Sarƙar taimin kuwa sai da aka ɗaure ta da waya a jikin firam kafin a zare faifanta, don idan ta sulale ta faɗa ciki sai an farke injin gaba ɗaya. Notuna da wasa-wasa, wato 'yan faya-fayen da ake sa wa a ƙarƙashin noti, da ƙananan zobba suka fara yawa, Baba ya ce in ɗauko tandar masar Inna. Kowane gurbi da abin da aka zuba masa, bi da bi yadda aka kwance. Inna ta fito ta ga tandarta cike da baƙin mai, ta yi ta sababi tana cewa tun da ta shigo gidan nan babur ɗin nan yake cin kayanta. 

Kan injin yana zaune ne a kan dogayen sandunan ƙarfe huɗu, kowace da noti a bakinta. Baba ya ce in gaya masa kada ya kwance ɗaya gaba ɗaya ya bar sauran, ya sassauta wannan kaɗan, ya tsallaka na kishiyar kusurwa, haka har su saki tare. Da kan ya ƙi ɗagowa Yaya ya kai hannu ga sukundireba zai ɓanɓare, Baba ya yi gyaran murya, na fassara masa da cewa a sa katako a ɗan bubbuga. Ya ɗago. Ga gaskit nan ya ƙone ta gefe ɗaya, baƙi ƙirin, har ya tsage. Yaya ya sa shi a aljihu ya tafi Wunti wajen masu kayan babur don a gwada a ba shi irinsa. Kafin ya dawo ni aka sa na kankare ragowar da ta manne, da reza a kwance da ɗan guntun itace, an toshe ramin sarƙa da tsumma don kada datti ya faɗa. Malamar makaranta guda, ga ni zaune ina goge gawayin kan fistin da kananzir. Da ɗalibaina sun leƙo da na shiga uku.

Bayan azahar Baba ya aika a ɗauko madubin bangon ɗakin Inna, wannan na aurenta. A nan ne faɗan ya kai inda ya kai, amma madubi ya fito. Aka kwantar da shi a kan benci, aka shimfiɗa samfefa mai laushi, takardar gogar nan ta kafintoci, a kai, aka ɗiga kananzir. Baba ya sa aka shafa baƙin fitila a fuskar kan injin, Yaya ya kife shi a kan samfefa yana murzawa a zagaye, ba dannawa. Idan aka ɗaga, inda baƙin ya rage nan ne ya lotsa. Aka yi ta yi har fuskar ta fito fes ko'ina. Wannan aikin ya dace da hannun kafinta, na ga Baba yana kallonsa ta wutsiyar ido. Aka wanke, aka busar, aka mayar da ƙananan zobban nan biyu da suke tsayar da kai daidai, da 'yar robar da ke bakin hanyar mai. Aka shimfiɗa sabon gaskit a bushe, ramin mai a kan ramin mai, aka zaunar da kan inji, aka ɗaura notuna da yatsa.

Yanzu ka saurara, don nan ne abin ya faru. Baba ba shi da sifanar nan mai awo ta manyan gareji. Awonsa a tafin hannunsa yake, kuma hannun ya tafi. Hannun Yaya kuwa ya saba da katako da ƙusa, inda ƙarfi ba ya ɓata aiki. Aka yi zagayen farko a gicciye, kaɗan-kaɗan, lafiya lau. Aka yi na biyu, lafiya. A zagayen ƙarshe Baba ya sunkuyo yana kallon wasar jan ƙarfe da ke ƙarƙashin noti, yana kallon jijiyar hannun Yaya. Yaya yana ja, yana jiran a ce masa ya isa. Baba ya ga ya isa. Maimakon ya faɗa, sai ya juyo wajena ya fara, "Sauda, ki gaya wa mutumin nan…" Bai kai ƙarshe ba, ni ban ko juya ba, muka ji ƙas. Sandar ta karye, noti da guntun bakinta suka faɗo cikin ƙasa.

Yaya ya ajiye sifana a hankali, ya wanke hannu da kananzir, ya karɓi agogonsa. Ya ce mini in ba Baba haƙuri, ya fita. Na bi shi zaure na ce ba laifinsa ba ne, laifin bakina ne da bai yi sauri ba. Ya ce ba laifin bakina ba ne, kuma ni ma na sani. Ya ce tafiyarsa ta ranar Asabar tana nan yadda take. Da na koma ciki na tarar Baba ya tsinci guntun ƙarfen yana jujjuya shi a hannun hagu. Raina ya ɓaci da shi ƙwarai, ban taɓa jin haushin Baba irin na ranar ba, amma ba a haife ni in gaya masa ba. Na kwashe tanda na kai rumfa, na lulluɓe injin da buhu saboda hadari ya haɗo.

Wanda ya gaya wa Baba gaskiyar shi ne Baba Elisha mai walda, maƙwabcinmu mutumin Bogoro, abokinsa tun suna ma'aikatar gona. Washegari na kira shi, ya jawo injin waldarsa a baro. Aka sake ɗage kan inji, ya ɗana noti a kan ragowar sandar ya narka su tare, ya bari ya huce, ya ɗiga mai, ya yi ta lallaɓa ta gaba da baya har ta fito ba ta ɓata mazauninta ba. Ya kawo wata daga wani mataccen inji da ke shagonsa. Sai ya tambayi yadda aka yi ta karye, ni kuwa na zayyana masa tsaf, ban rage komai ba. Ya yi dariya har da tari. Ya ce wa Baba ya ga sandar da tsatsa ta karya, ya ga wadda ɗan koyo ya karya, amma bai taɓa ganin wadda kunya ta karya ba sai a gidan Malam Ladan. Ya ce wannan ita ce ta ƙarshe da yake da ita, kuma idan wata ta karye a can ƙasa cikin inji, to sai dai a sayar wa masu gwangwan. Da zai tafi ya rage murya, ya ce ya ji yaron zai bar gari. Ya ce shi ma ɗansa Jesse ya tafi Kaduna ya bar shi, amma ko ba komai ya kira sunansa a tasha. Baba ya ci gaba da jan carbinsa.

Ban zaci Yaya zai dawo ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi da wani sabon gaskit a takarda, don wancan ya riga ya danne, ba a maimaita shi. Ya ce mini bai taɓa yaye rufin mutum ya tafi ya bar shi a buɗe ba, ba kuma zai fara a gidan ubansa ba. Aka sake goge fuskokin, aka sake jera komai, aka zaunar da kai. Aka yi zagayen farko da na biyu. Da aka zo na ƙarshe na gyara tsayuwa a tsakaninsu, na buɗe baki a shirye, na ce yau ko numfashi Baba ya ja zan ce a tsaya. Sai Baba ya taɓa ƙafata da sandarsa ya ce in matsa, ina tare masa haske. Na matsa. Ya jawo kujerarsa da kansa, yana ja yana hutawa, har gwiwarsa ta taɓa ta Yaya. Ya ɗaga hannun hagu ya ɗora a bayan hannun Yaya, a kan sifana. Yaya ya sandare, idonsa a kan noti.

Baba ya ce, "Ja."

Yaya ya ja.

"Ƙara kaɗan. Tsaya."

Haka suka bi notunan nan huɗu, a gicciye, hannu a kan hannu. Inna ta fito da faifai a hannu, ta gani, ta juya ta koma ɗaki ta saki labule, don ita ma ka san ba ta kiran sunansa. Ni kuwa kuka na yi, ba zan ɓoye maka ba, a tsaye da tsumman mai a hannuna. Shekara da shekaru ina aikin nan na kai magana, ranar aka sallame ni ba ko sanarwa.

Sauran aikin ya tafi da sauri. Aka mayar da sarƙa a kan faifanta, alama ta dace da alama. Aka auna tazarar bawul da reza yadda Baba ya saba, ta shige da ɗan jan jiki. Aka mayar da kafireta da salansa da tanki, aka zuba sabon baƙin mai. Yaya ya buga kik, babur ya tashi da wata murya da na manta yana da ita. Na shafa ruwan sabulu ko'ina, babu kumfa ko ɗaya. Baba ya bar shi ya yi zafi, ya sa aka kashe, ya ce aiki bai ƙare ba, sai ya kwana ya huce a sake bin notunan da safe, don sabon gaskit yana zama. Wannan maganar dai bango ya gaya wa, amma ba ni ya gaya wa ba. Safiyar kuwa ita ce Asabar, ranar tafiya.

Yaya ya zo da sassafe cikin kayan tafiya, ya bar Maimuna matarsa a gida da ƙullin kaya tana jiran ya dawo su raka shi tasha. Suka sake bin notunan, hannu a kan hannu kamar jiya, kowanne ya ɗan motsa kaɗan ya tsaya. Aka rufe murfi. Yaya ya miƙe zai wanke hannu, sai Baba ya cire hularsa, ya zaro makullin babur daga cikin naɗinta inda yake ɓoye shi. Ni da sabo har na miƙa hannu. Ya tsallake hannuna ya miƙa wa Yaya. Ya ce, yana kallon mangwaro, bai ga geron Gubi ba bana. Yaya ya tsaya da makulli a tafinsa, ya dubi agogo, ya dube ni. Ni dai an riga an sallame ni. Ya tura babur ta zaure ya fitar da shi waje.

Sai da ni da Baba Elisha muka taimaka Baba ya hau baya. Ya zauna can ƙarshen sit, ya bar fili tsakaninsu kamar an ajiye wa wani wuri, ya kama kariyar ɗaura kaya da hannun hagu, na dama yana reto. Suka tashi a hankali. A bakin kwatar nan ta gaban shagon walda babur ya ɗan yi tsalle, na ga Baba ya tafi gefe. Sai na ga Yaya ya saki hannu ɗaya, ya kamo mataccen hannun nan ya zagayo da shi cikinsa ya danne da gwiwar hannu. Baba ya matso. A haka suka sha kwana. Da na juya na ga Inna a bayan ƙyauren zaure tana leƙe, ta ce mini wai kazarta ta fito nema.

Ba su dawo ba sai bayan la'asar, motar Fatakwal ta daɗe da tashi. Takalmansu duk taɓo, an ɗauro ɗanyen rama a kariya. Baba ya shige ɗaki yana faɗan 'yan ƙwadago sun bar ciyawa ta gefen rafi. Na tare Yaya a zaure na ce sai ya gaya mini abin da suka tattauna a hanya. Ya ce babu komai. Ya ce Baba ba shi da nauyi ko kaɗan, har ya riƙa taɓa hannun don ya tabbata yana nan. Na matsa masa. Ya ce da suka iso hawan nan da babur yake mutuwa, ya sauke giya ya ba shi wuta, babur ya haye da su biyun bai ko yi tari ba. Suna kaiwa sama Baba ya matso da bakinsa kusa da kunnensa ya ce, "Ka ɗaure shi daidai." Yana gaya mini ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe a haka. Sannan ya ce in rubuta maka a ba wani aikin, don jibi ma za a koma gona, kuma Baba ba shi da direba.

Ban ce maka ya yi dabara ba, Ɗanlarai. Aiki bai dawo garin nan ba don babur ya tashi. Maimuna ta yi kuka da ta kwance kaya, kuma tana da gaskiya, ita ta san abin da ke cikin tukunyarta. Na gaya wa Yaya haka a fili, ya ce zai nemi ƙananan gyare-gyare a Gubi, tunda ga abin hawa. Baba kuma bai sake ba gaba ɗaya, har yanzu bai kira sunan ba, wataƙila ba zai taɓa kira ba. Shekaranjiya ma ya juyo ya fara ce mini in gaya wa mutumin nan ya duba baƙin mai. Na ce na bar tukunya a wuta, na yi tafiyata. Ina kaiwa ƙofar madafa na ji ya ce, "Ka duba mai." Abin da nake roƙonka shi ne ka je ka ba mutanen nan haƙuri da bakinka mai daɗi, ka sallami ɗakin, kuma idan za ka rubuto wa Yaya kada ka sa masa faɗa a ciki. Kai ka hau babur ɗin nan tun ba ka da wayo, shi sai bana ya hau.

Ka gai da matarka Saudatu takwarata da kyau, ka ce mata ina nan ina jiran hoton jaririn. Ka shafa mini kan yaran duka. Inna tana gaishe ku, ta ce ka aiko mata da sabuwar tanda, don masarta har yau warin kananzir take yi. Baba Elisha da matarsa Mama Roda suna gaisuwa. Maimuna da yaranta suna gaisuwa. Baba ya ce Allah ya yi maka albarka, ka riƙe salla. Yaya Mijinyawa ba ya nan balle ya ba da nasa saƙon, sun tafi Gubi tun da safe. Allah ya sada mu da alheri.

Yayarka,
Sauda Ladan